Ajiyar zuciya, sakin gaɓoɓi ko sauraren jiki: wanne zai fi yi maka a kwanakin jira?

Kwana 19 muka yi muna jiran takarda ɗaya. An ciro wa yayata wani ɗan ƙullutu a mama, aka jefa shi a kwalba, aka ce za a kai ɗakin gwaje-gwaje, mu dawo bayan mako biyu. Mako biyu ya cika, muka je, aka ce rizal bai fito ba, mu ƙara haƙuri. Muka dawo gida da haƙurin da ba mu da shi.

Gida ɗaya, jira ɗaya, amma kowa da inda abin ya kama shi. Yaya da rana lafiya lau take harkokinta, tana tankaɗe tana faɗa da yara, sai waya ta yi ƙara kawai gabanta ya yanke ya faɗi, zuciya ta shiga dukan uku-uku, ta dafe ƙirji ta ce iska ba ta isar ta. Maigidanta, wanda muke kira Alhaji, bai taɓa cewa uffan ba, amma wuyansa ya sage har in aka kira shi sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, kuma ƙarfe biyun dare za ka ji motsin takalminsa a tsakar gida. Ni nawa a ka yake. Saƙa da warwara nake yi har gari ya waye, ina lissafin wa zai riƙe yaran, alhali ga uwarsu can a ɗaki tana barci.

A waɗannan kwanaki muka gwada hanyoyi uku da ake koyarwa don kwantar da hankali ta hanyar jiki. Ba ɗayansu da ya canza abin da ke rubuce a takardar. Amma na ga yadda abin da ya yi wa ɗaya magani ya ƙara wa ɗaya tashin hankali, kuma tun daga nan ba na yarda da mai cewa ga hanya guda da za ta yi wa kowa.

Dalilin da ya sa ake bi ta jiki mai sauƙi ne. Jiki ba ya bambanta kura a bakin ƙofa da takardar asibiti. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai a saki sinadarin adiranalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure, numfashi ya koma sama-sama, baki ya bushe, ciki ya ɗuri ruwa. Shiri ne na gudu ko kokawa. To ina za ka gudu ka bar sakamakon gwaji? Ba za ka iya ce wa zuciyarka ta rage gudu ta ji ba, ba za ka iya umartar gumi ya tsaya ba. Numfashi da tsoka su ne biyun da ke aiki da kansu amma kuma kana iya karɓe linzaminsu. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka inda jini ke harbawa, ka shaƙi iska a hankali, ka fitar a hankali. In ka natsu za ka ji bugun yana ɗan ƙara sauri lokacin shaƙa, yana lafawa lokacin fitarwa. Wata doguwar jijiya ce ke wannan aikin, ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta biyo wuya ta ratsa zuciya da huhu har hanji, likitoci na ce mata begos. Ita ce birkin. Baligi a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Wanda ya sauko da shi zuwa wajen sau 6, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, yana taka wannan birki ne a kai a kai.

Ta farko ita ce wadda muke da sunanta tun kaka da kakanni: ajiyar zuciya. Dubi yaron da ya gama kuka, yadda yake jan iska sau biyu a jere, sannan ya sake ta da tsawo, jikinsa ya yi laushi. Ba wanda ya koya masa. Mu ma manya muna yin ta ba da saninmu ba, kusan sau 12 a awa, don ta sake buɗe ƙananan jakunkunan iska na huhu da suka lotsa. Abin da ake koyarwa shi ne a yi ta da gangan: shaƙa ta hanci har huhu ya kusa cika, ƙara ɗan shaƙa kaɗan a kai, sannan a fitar ta baki a hankali har ta ƙare.

Ba a intanet Yaya ta fara jin ta ba. Ranar da muka koma aka ce rizal bai fito ba, a kan bencin asibiti abin ya taso mata. Ta riƙe hannuna tana haki, yatsunta sun yi sanyi. Ni kuma, da ƙaramin sanina, sai cewa nake, "Yaya, ja dogon numfashi, ja dogon numfashi." Tana ja, abin yana ƙaruwa. Wata sista mai ɗan shekaru da ke wucewa da tire ta ajiye shi, ta tsuguna a gabanta.

"Hajiya, bar jan. Kin ja ya isa. Fitarwa za ki yi. Ɗauka kofin koko ne mai zafi a hannunki za ki ba jikanki, hura masa a hankali kar ya zube."

Yaya ta tsuke baki ta hura. Sista ta ce ta ƙara, a hankali fiye da haka. Kafin a yi goma kafaɗunta sun sauko, ta saki hannuna, har ta ce wa sistar ita ba ta yi jika ba tukuna. Sista ta ɗauki tirenta ta ce, "Za ki yi, in sha Allahu," ta wuce.

Daga baya na gane kuskurena, kuma kusan kowa yana yin sa. Wanda tsoro ya kama ba iska ya rasa ba, ya ma shaƙa fiye da ƙima. Yawan haki yana kwashe iskar kabon daga jini fiye da yadda ya kamata, sai jiri ya zo, yatsu da gefen baki su yi ta tsira kamar ana soka allura, ƙirji ya ƙara matsewa. Shi kuma sai ya ɗauka shaƙewa yake yi, ya ƙara ja. Wanda ya ce masa ya ja dogon numfashi ya zuba wa wuta fetur ne da kyakkyawar niyya.

Masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun wallafa wani gwaji a farkon 2023. Mutum ɗari da 'yan kai aka raba gida huɗu, kowa minti 5 a rana har kusan wata guda: wasu ajiyar zuciya, wasu numfashin kusurwa huɗu, wasu numfashi mai sauri, wasu kuma su zauna suna lura da numfashinsu ba tare da sun canza shi ba. Duka huɗun sun sami sauƙin fargaba, amma 'yan ajiyar zuciya suka fi samun walwala, kuma numfashinsu ya fi lafawa. Gwajin ƙarami ne, na wata ɗaya, kuma mutanen su ne suka riƙa faɗin yadda suke ji. Ban ɗauke shi a matsayin hukuncin ƙarshe ba. Ya dai yi daidai da abin da na gani a kan benci.

Shi wannan na kusurwa huɗu ya fi shahara a waya: shaƙa kana ƙirga huɗu, riƙe huɗu, fitar huɗu, tsaya huɗu. Akwai ɗan'uwansa na 4, 7, 8, inda ake riƙe iska har ƙirga bakwai. Ga wanda ke shirin shiga jarrabawa ko ganawar neman aiki, jikinsa lafiya, kansa ne ya watse, ƙirgar tana tattaro hankali wuri ɗaya, kuma na ji daɗinsa. Yaya ta gwada sau ɗaya ta ce kamar an shaƙe ta da filo. Wanda firgicinsa a ƙirji yake, riƙe numfashi yana kwaikwayon abin da yake tsoro ne. Mai juna biyu, mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko huhu, su bar riƙewar nan sai sun tambayi likita. Doguwar fitarwa kaɗai ta wadatar. In an ce in zaɓi ɗaya tsakanin biyun don mutumin da ban san lafiyarsa ba, ajiyar zuciya zan ba shi ba tare da dogon tunani ba.

Ƙarfin wannan hanya saurinta. Minti ɗaya ko biyu, a adaidaita sahu, a layin banki, a gaban mutane ba wanda ya san kana yi. Rauninta kuma shi ne ba ta daɗewa. Ta kashe wutar da ta tashi, amma garwashin yana nan.

Alhaji ya ƙi ta ƙememe. Da na kawo masa zancen sai ya ce, "Malam, ni tun da aka haife ni nake numfashi, yau ne za ka koya mini?" Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ya saba haɗiye damuwa da murmushi a gaban mai saye. Da na ce masa hankalinsa a tashe yake, sai ya ce shi lafiyarsa ƙalau, matashi ne bai yi masa daidai ba. Wani dare na same shi a tabarma yana murza ƙeya. Na ce, "Alhaji, don Allah dunƙule hannunka na dama da ƙarfi, kamar ka kama ɓarawo a shago." Ya yi dariya ya dunƙule. Na ƙirga biyar na ce ya saki gaba ɗaya, ya bar hannun ya faɗi a cinya. Na ce ya kwatanta shi da na hagu. Ya yi shiru, ya ce, "Wannan ya yi ɗumi. Ya yi nauyi." Muka koma kafaɗa: ɗaga su har kunne, riƙe, saki. Da suka sauko sai ya ce, "Ikon Allah. Ashe a sama suke tun ɗazu."

Wannan ita ce hanya ta biyu, wato sakin gaɓoɓi, kuma ta girmi duk sauran a asibiti. Wani likitan Amurka, Edmund Jacobson, shi ya tsara ta a Shikago, ya fitar da littafinsa a kanta a 1929. Abin da ya lura da shi shi ne mutum yana iya ɗaure tsokarsa wata da watanni bai sani ba, har ɗaurin ya zame masa jiki. Irin wannan in ka ce masa ya saki jiki, bai san me zai saka ba. Sai ka sa shi ya ƙara ɗaurewa da gangan, sannan ya saki, don ya ji bambancin. Tsarin Jacobson na asali yana cin watanni. Waɗanda suka biyo bayansa suka taƙaita shi, kuma wanda aka fi amfani da shi tun 1973 ya raba jiki rukuni 16. A gida ba sai an bi su duka ba: hannu, damtse, goshi, muƙamuƙi, wuya, kafaɗa, ciki, cinya, sha-raɓa, yatsun ƙafa. Kowanne a ɗaure sakan 5 zuwa 7, a sake wajen rabin minti ana sauraren yadda yake warwarewa. Sakin shi ne aikin, ɗaurewar share fage ce, kuma a nan masu gaggawa ke yin asara.

Tana cin minti 15 zuwa 20, tana son wurin kwanciya ko kujera mai jingina, kuma ba a yin ta a tsakiyar kasuwa sai dai a ɗauka aljanu ne. Amma ga rashin barci, ciwon kai mai ɗaure goshi kamar rawani, cije haƙora cikin dare, ban ga kamarta ba. Ta kuma dace da mutum irin Alhaji, wanda ba ya son a ce masa "damuwa", ba ya son rufe ido ya yi shiru, yana son abin da zai kama da hannu. Dare na uku matarsa ta ce bai kai ga ƙafa ba minshari ya ɗauke shi. Sharaɗi biyu: kar a riƙe numfashi lokacin ɗaurewa, kuma a tsallake duk inda ke da rauni, ɗinki ko targaɗe. Mai ɗinki a ƙirji irin Yaya kar ya taɓa kafaɗa da damtse. Wanda jijiyar ƙafarsa ke yawan ɗaurewa ya yi a hankali a wajen sha-raɓa, rabin ƙarfi ya isa.

Ta uku, wato sauraren jiki, ita ce mafi wuyar bayani, kuma ita ce ta yi mini. Ba ka ɗaure komai, ba ka gyara numfashi. Ka kwanta ka kai hankalinka babban yatsan ƙafa, ka ji abin da ke wurin: sanyi, ɗumi, ƙaiƙayi, ko ba komai. Ka matsa tafin ƙafa, idon sawu, gwiwa, a hankali har tsakar ka. Tunani zai sace ka, sau hamsin ma. Duk sanda ka farga, ka dawo inda ka tsaya ba tare da zagin kanka ba. Wani masanin Amurka, Jon Kabat-Zinn, shi ne ya shigar da ita asibiti a 1979, a makarantar likitanci ta jami'ar Masacusets, cikin wani shiri na mako 8 da aka fara da masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A can ana yin ta minti 45 a rana. A 2022 aka wallafa wani gwaji da jami'ar Georgetown ta Amurka ta jagoranta, mutum 276 masu cutar fargaba, rabi suka bi wannan shiri na mako 8, rabi suka sha ƙwayar escitalopram da likitoci ke rubutawa. Sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya zo kusan daidai. A lura, cikakken shirin aka gwada, da malami da aji na mako-mako da aikin gida na kullum. Wanda ya saurari murya a waya sau uku kar ya ce ya yi abin da suka yi, kuma kar wani ya ajiye maganinsa saboda wannan labari.

Kwana huɗun farko ban ga komai ba sai gundura. Rana ta biyar na kama wani abu. Kafin tunanin "in ta mutu fa" ya iso kaina, akwai wani ɗan murɗawa da ke fara zuwa a ƙasan haƙarƙarina na hagu. Shi ne ɗan aike, tunanin yana bayansa. Da na san shi, sai na riƙa tarar sa a ƙofa: ga ka nan, ka iso. In na tsaya a kan murɗawar ina jin ta, faɗinta kamar tafin hannu, tana ƙaruwa tana raguwa, sai in ga ba ta wuce minti biyu ko uku. In kuwa na bi tunanin, sai asuba. Jiki magayi ne da gaske, ni ne ban taɓa ba shi dama ya gama magana ba.

Amma wannan hanyar tana da haɗarin da masu tallata ta ba su cika faɗa ba. Yaya ta gwada, hankalinta ya zarce kai tsaye wajen ɗinkin, ta fara jin kamar wani ƙullutun na tsirowa. Mai tsoron cuta, in ka ce ya saurari jikinsa, ka ba shi fitila ne ya shiga neman abin tsoro. Haka wanda ya ga tashin hankali da idonsa, wanda aka kora daga ƙauyensu a Zamfara ko Borno, ko wanda ya taɓa kwana a hannun masu garkuwa: rufe ido a yi shiru yana iya dawo masa da daren gaba ɗaya. Irin waɗannan su bar ido a buɗe, su kai hankali bakin jiki inda ya haɗu da duniya. Tafin ƙafa a kan siminti. Sanyin ruwan randa a fuska da wuyan hannu. Bayan da ke jingine da bango. Tafiya a hankali daga ƙofar gida zuwa bakin titi ana jin kowane taku. In abin ya taso, a tsaya, ba jarumta ba ce a dage.

Akwai tambayar da na san tana zuciyar masu karatu da yawa, don ni ma na yi ta: wannan ba bautar wasu ba ce aka canza wa riga? Gaskiyar magana, Kabat-Zinn daga zaman tunani na mabiya Buddha ya ɗauko tasa, ya cire mata addini ya kai asibiti, kuma bai ɓoye ba. Ƙirge-ƙirgen numfashi da yawa daga yoga ta Indiya suka fito. Ta Jacobson daga ɗakin gwaji ta fito, da na'urar auna motsin tsoka. Ajiyar zuciya kuwa halitta ce, jariri ma yana yi. A ganina lura da tafin ƙafarka ba ya ɗauke da aƙidar kowa, matuƙar ba a haɗa shi da wasu kalmomi ko niyyar bauta ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya ɗauki biyun farko, bai yi asarar komai ba, ko ya tambayi malamin da ya yarda da shi.

Ban ambaci Umma ba. A cikinmu ita ce ta fi kowa abin rasawa, ita ce kuma ta fi kowa natsuwa. Bayan la'asar tana zaune a kan darduma da carbi, sai na zauna kusa da ita ina kallo. Ta shaƙi iska, ta saki "Hasbunallahu wa ni'imal wakil" a hankali har ƙarshen numfashin, ƙwayar carbi ɗaya ta faɗa. Na duba agogo a ɓoye. Bai fi sau shida ko bakwai a minti ba. Wani likitan Italiya, Luciano Bernardi, ya auna irin wannan a 2001 da mutum 23 da ke karanta addu'ar carbin Katolika da Latin da kuma wani wuridin yoga, ya tarar duka biyun suna saukar da numfashi zuwa wajen sau 6 a minti, bugun zuciya da hawa da saukar jini suna daidaita da shi. Ba zikirinmu ya auna ba, amma huhu ɗaya ne.

Ba ina cewa a mai da ibada motsa jiki ba. Zikiri don Allah ake yi, natsuwar kyauta ce da aka yi alkawarinta a aya ta 28 ta Suratur Ra'ad. Abin da nake cewa shi ne yawancinmu muna da wannan taska sau biyar a rana muna wuce ta a guje. Tasbihi 33 cikin numfashi biyu, sujada kamar zakara na tsattsagar tsaba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da wani mutum sau uku ya sake salla, ya koya masa ya natsu a ruku'u, ya natsu a sujada, ya natsu a zama. Shi ne kuma ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Wanda ba ya son ƙara wani sabon abu a rayuwarsa, ya fara da rage gudu a abin da yake yi tuni: gaɓoɓi su tsaya cak a kowane rukuni, tasbihi ɗaya ko biyu a kowace fitar numfashi. Kirista mai karanta Zabura ko addu'ar safe, hanya ɗaya ce.

Wata maƙwabciya ta shigo dubiya ta ga Yaya tana haki, ta ce mata wannan ƙarancin tawakkali ne. Har yau abin yana yi mini ciwo. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Musa ya ji tsoro a ransa ranar da matsafa suka jefa igiyoyinsu, ya kuma ce zuciyar mahaifiyarsa ta wayi gari fayau bayan ta saka shi a kogi, har ta kusa tona asirin da ba a ɗaure mata zuciya ba. Bugun zuciya ba ma'aunin imani ba ne. Yaya ta kwana biyu tana tsoron sakamako, tana kuma tsoron tsoron da take ji.

Game da fata kuwa, ban ga wata hanya a cikin ukun da ke zuba shi a zuciya kamar ruwa a tulu ba. Abin da na gani shi ne tsoro yana tsuke ido har mutum ba ya ganin hanya sai guda, mafi muni. In jiki ya lafa sai sauran hanyoyin su bayyana: wataƙila ba komai ba ne, wataƙila wani abu ne amma an kama shi da wuri, in ma shi ne akwai magani kuma akwai masu rai da suka sha shi. Washegarin daren da Alhaji ya fara barci, ya zauna da biro ya rubuta tambayoyi bakwai da zai yi wa likita, ya kira abokinsa ya tambayi abin da aiki irin wannan ke ci, ya ware wasu dilolin atamfa da zai iya sayarwa da sauri. Wannan ya sha bamban da tsammanin warabbuka. Mutumin da kwana goma bai iya furta sunan cutar ba, ga shi yana shiri.

Tsawon jiran ma yana da ta cewa a zaɓi. Namu kwana 19 ne. Ɗaliban da suka zauna a gida wata takwas a yajin aikin malaman jami'a na 2022, ko 'yan kasuwar da motocinsu suka maƙale a Jibiya da Illela da Maigatari bayan rufe iyakar Nijar a 2023, ko mai shagon da ke kwana da farashi ɗaya ya tashi da wani tun da aka cire tallafin mai, nasu ba shi da ranar ƙarewa. Ajiyar zuciya kaɗai ba za ta ɗauki wata takwas ba. Irin wannan yana son abin da aka kafa wa lokaci: sakin gaɓoɓi bayan isha'i, ko minti goma na sauraren jiki bayan asuba kafin a taɓa waya, a bar ajiyar zuciya a aljihu don sa'ar da labari ya faɗo. Wanda ke ɗaki ɗaya da mutum shida, ba inda zai miƙe, ya yi ta Jacobson a zaune da hannu, kafaɗa da ƙafa kawai. Lokacin hunturu in ƙura ta toshe hanci, a shaƙa ta baki a hankali, ba laifi. Kuma kowace aka zaɓa, a fara ta ranar da hankali ke kwance, don ba a fafe gora ranar tafiya. Yaya ta ci sa'a sista ta wuce ta gabanta.

Akwai inda duk ukun ba su da hurumi. Ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora dutse, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, da gumi, asibiti ake nufa nan take. Mai asma ya ɗauki abin shaƙarsa kafin komai. Ƙarancin jini, faɗuwar suga da cutar maƙoƙo mai sa zuciya gudu duk suna kama da fargaba, gwaji ne ke raba su. Wanda ya haura mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba ya jin daɗin komai, ko ya fara jin gara ya mutu, ya ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne. Abin da zan roƙa a guje wa shi ne ƙwayar barci daga kyamis ba takardar likita. Tana aiki daren farko, shi ya sa take kama mutum. A kuma duba shayi mai kauri, goro da lemon ƙara kuzari bayan la'asar. Alhaji yana cin goro huɗu a rana yana mamakin idonsa biyu.

Rana ta 19 aka miƙo mana ambulan. Likita bai iso ba, aka ce mu jira a benci, wannan bencin dai. Na ga Yaya ta tsuke baki tana hura kokon da ba ya nan. Alhaji ya dunƙule hannu a cikin aljihun babbar riga, ya saki, ya sake dunƙulewa. Ni ina jin ɗan aikena a ƙasan haƙarƙari. Minti arba'in muka yi a haka.

Likita ya ce ba ciwon daji ba ne. Ya ce amma irin wannan a kan sa masa ido, ta dawo bayan wata shida a sake dubawa. A adaidaita sahu muna komawa, Yaya ta ƙirga watannin da yatsu, ta ce zai faɗo bayan babbar salla. Sannan ta juyo ta ce, "Kai, wannan na Alhajin na dunƙule hannu, in ɗinkin ya warke ka koya mini."